Baba da Mama Sun Iso: Ire-iren Tsofaffin Turawan Mishan

A da aikin mishan na samari ne masu kasada. Su ukun da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kutsowa ƙasarmu, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, kuma kafin ƙarshen 1894 ciwo ya kashe biyu. Bingham ne ya tsira, ya kafa ƙungiyar da ta zama SIM, wadda ta haifi majami'ar ECWA. Yau kuwa wani iri dabam jirgi ke saukewa a Abuja da Yamai: miji da mata, kai fari fat, an yi ritaya, an aurar da 'ya'ya, fansho na shigowa, gwiwa ɗaya ta ƙarfe ce. Sun zo su yi shekara ɗaya ko biyu suna taimakawa a asibiti ko makaranta ko ofishin kuɗi. Zazzaɓin da ke kashe na farko yanzu ƙwaya ce ake haɗiya da safe. Abin da ke ba su wuya shi ne zaman yau da gobe: gaisuwa, cefane, wuta, ruwa, da mu kanmu. Wanda ya zauna Jos ko Miyango ko Galmi ta Nijar ya san su, kuma sabon zuwa ba ya mako biyu sai an gane layin da zai bi.

Wanda ake fara ganewa shi ne Mai Agogo. An ce taro ƙarfe 9, shi tun 9 saura minti 10 yana zaune, daga shi sai kujeru. Akanta ne da ya yi shekara 40 a banki, kowace safiya sai ya rubuta ayyuka takwas a takarda, da yamma ya tarar guda ɗaya ya samu yi, wato gaisuwa. Daga ƙofar gidansa zuwa ofis tafiyar minti 3 ce, amma rabin awa take ci, domin akwai maigadi, akwai mai shara, akwai dattijon da ke jiran ganin fasto, kowa da ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, yaya Mama, yaya baƙunta. Laifinsa a nan shi ne gaskiya ta yi masa yawa. Ka ce masa ina gajiya, sai ya tsaya ya ba ka labarin ciwon bayansa tun daga 2011. Ranar Lahadi ce jarrabawarsa babba. A garinsu sujada awa ɗaya ce cur, a nan kuwa zumuntar mata kaɗai da tulunansu sai su cinye minti 40, ga baiko da rawa, ga sanarwa, ga gabatar da baƙi, kafin mai wa'azi ya ce uffan. Duk sanda ya saci kallon agogo, Mama ta taka masa ƙafa. Bayan wata shida sai ya waye, ya zo taron ƙarfe 9 da ƙarfe 9 da rabi yana murmushin ɗan gari. Ranar ce kuma aka fara a kan lokaci, don shugaban taro zai yi tafiya.

Sai Mama Mai Tafasa. Akwati huɗu suka zo da su, ɗaya da rabi magani ne. Ruwa sai an tace, an tafasa, an sake tacewa. Jos garin kayan lambu ne, ga latas ga kabeji ga karas ga sitiroberi a bakin titi, amma duk ganyen da ya shiga gidanta sai ya yi wankan magani na minti 20, har ya manta ɗanɗanonsa. Gidan sauronta ba ya kwana a ɗage. Ba na yi mata dariya sosai, domin cikin ɗan shekara 70 ba wurin gwaji ba ne. Abin dariyar mijinta ne. Kullum da yamma sai ya ce zai miƙe ƙafa, ya ɓulla wajen mai tsire, ya ce a zuba yaji, ya ci a tsaye, ya goge baki ya koma gida ya zauna gaban dafaffen karas. Unguwa duka ta sani, babu mai faɗa. Abin da ba a taɓa warwarewa ba shi ne, ita ce ke kwanciya ciwon ciki duk wata, shi ko atishawa ba ya yi.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Ɗan Komo. Wannan ya taɓa zama a nan yana matashi, ya koyar a makarantar mishan wajen 1970, 'ya'yansa sun yi Hillcrest, makarantar da aka buɗe a Jos tun 1942, sannan ya koma gida ya yi shekara 40. Yanzu ya dawo da taswirar wancan zamani a ka. Yana nan aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a 1972, yana nan naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, lokacin naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, kuma zai gaya maka wannan ko ba ka tambaya ba. Aka ce masa kuɗin kwandon dankali, sai ya dafe ƙirji ya ce da wannan kuɗin ya sayi motarsa ta farko, har da canji. Ya ce wa direba a kai shi babbar kasuwar Taminus, direba ya ce ai Baba ta ƙone tun 2002. Inda ya san gonar acca, yanzu gidan mai ne.

Hausarsa kuwa sai ka cire hula. Daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya koye ta, da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, ya adana ta shekara 40 a can ba ta gauraya da komai ba. Yana magana samarin Jos na kallon juna, shi kuma suna magana ya ɗauka Turanci suke ƙoƙarin yi masa. Ya fi jin daɗin hira da tsofaffin mata, su ne ke gane shi har su yi guɗa. Akwai ɗan littafi a aljihunsa mai sunayen mutanen da ya sani: kukunsa na da, ɗalibansa, wani malamin asibiti. Yakan bi unguwa yana tambaya, akasari a ce masa ai ya riga mu gidan gaskiya, ga dai jikansa. Sai ya kama hannun yaron ya daɗe bai saki ba. A irin wannan rana ba ya kawo zancen farashin dankali.

Mai Gyara ba ya buƙatar dogon bayani, domin za ka ji shi kafin ka gan shi. An kawo shi ya duba lissafi, amma tun ranar farko ya ji janareta na tari. Sifana a aljihun dama, sukudireba a na hagu, tocila a goshi. Famfo, tanki, batirin sola, ƙofar firji, babu wanda ya tsira. Kowace na'ura ya manna mata takarda mai dokoki bakwai. Makaniken da ya shekara 15 yana lallaɓa injin da waya da roba yana tsaye yana cewa to Baba, madalla Baba. Ranar da Baba ya hau jirgi, wani ƙarfe ya karye wanda sai a Kanada ake samunsa, aka koma ga waya da roba.

A kasuwa ma'auratan nan kan rabu gida biyu. Miji ba ya iya ciniki. Mai kaya ya faɗi kuɗi, shi kuma ya zaro ya biya har da godiya, ya bar bawan Allah da baƙin ciki iri biyu: an hana shi daɗin ciniki, kuma yana cizon yatsa bai ninka ba. Matar kuwa an gaya mata a nan komai sai an taya, don haka har kuɗin katin waya tayawa take yi. Ta ji an ce albarka, sai ta juya kamar za ta tafi yadda aka koya mata, ta yi taku goma tana jiran a kira ta, ba a kira ba. Waɗanda aka tura Galmi, inda SIM ke da asibiti tun 1950, nasu ya fi tsanani. Ga zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40, ga Faransanci a ofis, ga kuma lissafin kasuwa. Mama ta haddace ƙidaya tsaf, mai albasa ya ce ɗari, ta miƙa masa sefa 100. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala sefa 5 ce, saboda haka ɗarinsa 500 ce, jika kuma 1,000. Wadda ta koyar da lissafi shekara 30 a Amurka sai ga ta gaban tulin albasar Galmi tana ninka biyar da yatsu, yara sun kewaye ta suna ba ta satar amsa.

Akwai wanda ya fi ɗan gari zama ɗan gari: wata ɗaya da zuwa ya ɗinka babbar riga, hula ta zauna a ƙeya, yana cin tuwo da hannu miya na gangarowa gwiwar hannu, ɗankwalin Mama kuma na zamewa duk sanda ta ce amin. Akwai Kakar Waya, wadda jikinta ke nan amma ranta na wurin jikoki, ta san tudun da sabis ya fi ƙarfi, ta san mun riga New York da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara, kuma babu mai wuce ta bai ga hoton jariri ba. Ita ce cikin hunturun Jos, muna ƙudundune cikin suwaita biyu muna jin wuta, za ta fito da riga mai gajeren hannu ta ce yau gari ya yi daɗi.

Amma abin da ya fi girgiza su duka, ko wane layi suka bi, shi ne tsufa. A ƙasarsu ka ce wa mutum tsoho ka zage shi, ka karɓar masa kaya ka ce ya gaza ke nan. Sun zo inda furfura sarauta ce. Baba ya ɗauko jakarsa, yara uku sun rugo suna ƙwace ta, shi kuma ya riƙe gam yana cewa zai iya. Mama ta shiga layi, an janyo ta gaba, ta koma baya don adalci, an sake janyo ta. Budurwa ta durƙusa ta gaishe su, su ma suka yi ƙoƙarin durƙusawa, sai da aka taru aka ɗaga su. Da yamma su fito riƙe da hannun juna suna tafiya, kowane mai mota ya tsaya ya ce Baba ina zuwa, su ce ba ko'ina, sai a yi ta tausaya musu. Rannan maƙwabta suka leƙa suka ga Baba na wanke kwanoni Mama na karanta littafi, aka kwana ana shawarar wanda zai je ya yi mata magana.

A ganina a nan ake gane wanda zai daɗe. Sun zo da shirin bayarwa, ba su shirya karɓa ba. Wanda ya saki jakar, ya zauna a kujerar da aka ba shi, ya yarda a kira shi Baba ya amsa, shi ne za ka ji ya nemi ƙarin shekara. Wanda ya ci gaba da kokawa da yara a kan jaka, wa'adinsa na cika yake haɗa akwati.

Kada kuma mu cika baki, domin namu ma na zuwa can. Majami'un Najeriya na tura fastoci da matansu Turai da Amurka, wasunsu da furfura. Akwatin Maman namu daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa. Baban namu ya shiga bas a Landan ya gaida kowa, babu wanda ya ɗago kai. A Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, ziyara sai an yi alkawari tun mako guda, suyar manja ta tayar da ƙararrawar gobara, maƙwabcin ƙasa ya hau yana tambayar me ake dakawa. Shi kuma jakarsa, har ya isa gida babu yaron da ya karɓa.

Saboda haka, samari, in kun ga Baba da Mama a hanya ku gaishe su a hankali, ku ba su lokacin amsawa, jakar kuma ku nemi izini kafin ku fizga. Ku kuma masu kayan miya, ninki biyu ya isa haka nan, kada a kai uku.