Mazan Goron Dutse da Injin Huda Bango

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wata sabuwar cuta ta shigo unguwarmu. Magidanci zai kai mota gareji, bakanike ya yanka masa kuɗin aiki, ya dawo gida yana huci, yana cewa in da yana da kayan aiki ai da kansa zai yi. Washegari sai ka gan shi a ɗan sahu ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, ko ya zarce titin Faransa a Sabon Gari, wai zai sayo injin huda bango, ko giranda, ko injin kwance notin taya. In ka ce masa ya bi a hankali, sai ya tuna maka cewa maƙera ne suka kafa garin nan, Abagayawan da suka taso daga Gaya neman tama a gindin Dala, ga Dalar can ana hango ta daga kan Goron Dutse. Wato shi jinin maƙera ne. Ni kuwa na san kakansa, fataucin goro ya yi har ya koma ga Allah.

A dakalin da muke zama bayan la'asar na ƙare musu kallo, har na san kowa da irin tasa.

Akwai Alhaji Sai-Mai-Tsada. Shi bai san aikin da zai yi da injin ba, suna yake saya. Yana shiga shago zai ce, "Bajamushe nake so, kada ka kawo mini ɗan Chana." Mai shago ya ɗauko masa Bosch na gaske, Alhaji ya juya gindinsa ya ga an rubuta a ƙasar Sin aka haɗa, sai ya ajiye yana tsaki. Bai san Bosch ta Jamus da Makita ta Japan duk suna da masana'antu a can ba. Mai shago ya gane mutumin da yake gabansa, ya shiga ciki ya fito da wani mai ƙyalli, an buga masa Jamus da manyan baƙaƙe har wuri uku, ya ce, "Alhaji, wannan ba kowa nake nuna wa ba." An yi ciniki kowa na murna. Injin yana can saman durowa a cikin kwalinsa, ba a sauko da shi sai an yi baƙi, don haka har yau asirinsa bai tonu ba.

Kishiyarsa shi ne Malam Araha, wanda yake zaga kasuwa tun hantsi har azahar don ya rage naira ɗari biyar. Injin da ya samo ba shi da nauyin kofin shayi, amma an manna masa takarda mai cewa wat 2000. Rana ta uku ya fara tartsatsi, ta huɗu ya yi warin ƙonannen gashi. An canja kabon, an kai wa mai naɗin koyil, an sake kaiwa. In ka haɗa kuɗin gyara da na ɗan sahu, ya sayi na kirki da canji. Ka yi masa maganar sai ya ce wutar unguwar ce ba ta da kyau. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Sai ɗan bokon cikinmu, wanda ya kwana uku yana kallon bidiyo a waya kafin ya taka kasuwa. Shi da lambobi yake tafe. Ya tsaya a gaban shago ya dage sai mai batir bolt 20, don na bolt 18 ƙaramin yaro ne. Mai shago ya san abu ɗaya ne amma bai ga dalilin ɓata cinikinsa ba. Ƙananan batura biyar ne a jere a cikin kowanne. In an cika su da caji suna nuna 20, in an fara aiki su zauna a 18. Wani kamfani ya rubuta na farko, wani ya rubuta na biyu, shi ke nan. Abin da ya kamata ya tambaya bai tambaya ba, wato ko batirin zai shiga wani injin. Galibi batirin wannan kamfani ba ya hawa injin wancan, kuma sau da yawa batir da caja sun fi gangar jikin injin tsada. Yanzu yana da injuna uku daga gida uku, caja uku, ga soket ɗaya tal a ɗakin, wanda uwargida take cajin fitila da shi. Duk da haka shi ne muftinmu a dakali, kuma in ya fara bayani har mai shayi rage wutar risho yake don ya ji.

Wanda ya fi ba ni tausayi mai son gwanjo ne, mai cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ya samo zarton lantarki ɗan Amurka, mai nauyi kamar turmi, bai duba jikinsa ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ya jona, zarton ya yi wata ƙara da bai taɓa yi a ƙasarsu ba, ta daƙiƙa kaɗan, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Amma in ana zancen Goron Dutse dole a tsaya a kan bango. Gidajen cikin lungu da yawa na ƙasa ne tun na kakanni, daga baya aka yi musu shafen siminti aka shafa fenti, sai ka rantse bulo ne. Wani maƙwabcinmu ya sayo injin huda kankare, irin wanda yake juyawa yana dukan bango lokaci guda, wanda ake huda dakin da shi. Agogon bango zai rataye a ɗakin mahaifiyarsa. Ya tara yara, ya sa tabarau, ya yi bisimilla ya danna. Bakin injin ya wuce simintin ya faɗa cikin ƙasa kamar an soka cokali a tuwo, shi kuma ya bi shi har goshinsa ya gaisa da bango. Shafen siminti mai faɗin faifai ya ɓantaro ya faɗo a kan kwallayen tsohuwa. Ƙura ta lafa, ya cusa robar da ake ɗaura sukuru a ciki, ta shige ramin ta ɓace, har yau ba a gan ta ba. Tsohuwa tana kan darduma tana jan carbi, ba ta ce uffan ba sai da ta shafa. Sannan ta aiki jikanta ya sayo ƙusa 'yar inci shida, ta karkata ta ƙasa kaɗan, ta buga da dutsen guga sau huɗu. Agogon yana nan rataye. Ramin ɗanta kuwa kalanda aka rufe shi da ita, duk shekara a sa sabuwa.

Masu giranda kashi biyu ne. Na farko ya manta ba kullum ake samun wuta ba, sai ya jona ta a ƙaramin janareta, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba. Ita kuwa ƙaramar giranda tana neman 700 zuwa sama, lokacin tashi ma fiye da haka. Janareta ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu, gidan ya yi duhu ana tsakiyar kallon fim. Na biyun kam ba abin dariya ba ne. Shi ne mai cire murfin kariya don ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji, wai ya fi ci. Ƙaramar giranda tana juyi kusan 11,000 a minti, babban faifai mai inci tara kuwa iyakarsa wajen 6,600, kuma an rubuta a jikinsa. In ya tarwatse ba ya sallama. Duk mai waldan da ya daɗe a sana'a yana da labarin wani, kuma ba ya ba da shi yana murmushi.

Ta ɓangaren mota, gwanin unguwa shi ne wanda ya sayo injin wanki mai feshi. Ga tankin ruwa can saman dutse kowa yana gani, amma famfon gidansa sai ya ga dama, don haka da 'yan ga-ruwa ake harka. Injin yana shan kamar lita bakwai a minti, jarkar lita 25 ba ta kai minti huɗu. Ɗan ga-ruwa ya gane, ranar Asabar da kurarsa yake kwana a ƙofar gidan. Da maigidan ya ga jikin mota ya yi fes, sai ya buɗe bonet ya ce bari a yi wa inji ma wanka. Ruwa ya shiga inda bai kamata ba, mota ta ƙi tashi. Aka turo ta har garejin bakaniken nan da aka yi fushi da shi, tana ɗigar ruwa, ba a taɓa tura mota mai tsabta irinta a Goron Dutse ba.

Ɗan'uwansa shi ne mai injin ɗaure noti. Daɗin ƙarar yake ji, tatatata, sai ya bar yatsa a kai har notin ya daina motsi. Tayar Corolla ɗauri daidai gwargwado take so, wanda mutum zai iya da hannu, injin kuwa yana iya ninka shi uku. Ranar da taya ta yi faci a hanyar Bichi, ya ɗauko sifanar taya, ya ja, ya taka, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle cikin babbar riga. Injin da zai cece shi yana gida, batirinsa a caji.

Duk waɗannan kuɗinsu suka kashe. Akwai wanda bai taɓa sayen ko sukudireba ba, amma babu injin da babu a gidansa. Shi ne yake raka kowa kasuwa, ya taya ciniki, ya ba da shawara ta gaskiya, don ya san a hannunsa abin zai ƙare. "Malam, daure ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai batir biyu, ka ga in ɗaya yana caji sai mu yi aiki da ɗaya." Ka lura da "mu" ɗin nan. An ce kayan aro ba ya rufe katara, nasa ya rufe har idon sawu.

Na san zancen batir biyun ne don ni aka faɗa wa. Bara na bi shi Ƙofar Ruwa na sayo injin huda mai batir, zan gyara ƙyauren kicin da maiɗakina ta shekara tana yi mini mita a kansa. Na ɗaure sukuru biyu, aka kira magariba, na ce gobe. Da goben ta yi, yaronsa ya yi sallama, wai Baba ya ce a ba shi na minti goma.

Shekaranjiya ta sake tayar da maganar ƙyauren, ta ce, "Malam, wai ina injin nan da aka rage mana cefane saboda shi?" Na sa hula na tafi gidansa. Ya tare ni da fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma a soro, aka kawo ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ɗan yi shiru, ya ce ba ya son ba da aron kayan aiki, mutane ba su da riƙon amana, amma tunda ni ne babu komai. Ya miƙo mini da batir ɗaya, ya ce in daure in dawo da shi kafin Juma'a.