Kaya Sun Iso, Shafi Wayam

Saba ta amsa, lambar 200 ta fito, bayanai sun sauko cif, amma shafi wayam. Nan ake gane halin masu rubuta manhaja.

Akwai Sarkin Zargi. A wurinsa laifin sabis ne, ko na burauza, ko na wanda ya haɗa sabar. Ka danna masa F12, ka nuna masa kayansa jibge, sai ya koma kan Brendan Eich: wai mutumin da ya ƙera JavaScript cikin kwana 10 a 1995, wane alheri za a jira daga gare shi?

Maƙwabcinsa ba ruwansa da zargi. F5 yake ta dannawa, ko Allah zai sa shafin ya sake shawara.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai console.log. Da ladabi yake farawa: "an iso nan". Layi na gaba, "nan ma". Kafin ƙarfe biyun dare saƙonnin sun koma "haba dai", "wayyo", "don girman Allah". Alhali tun la'asar allon ke nuna masa Promise, wato alkawari ne a hannunsa, kayan na tafe. Ya manta await, yana ta ƙoƙarin zuba alkawari a shafi. Ko ya tuna ma da saura, don amsar fetch amarya ce: an kawo ta ɗaki, amma ba ta cewa uffan sai an sayi baki da json().

Mai rusau kuwa ba ya gyara. Sai ya goge komai, ya kwashe mako yana sabon gini da React, don kawai ya sa wa akwati suna "jeri" a HTML, ya kira shi "Jeri" a rubutunsa. Harafi ɗaya! Har gobe bai sani ba, yana ta yabon React.

Mai cewa "a kwamfutata yana aiki" ba ya cin gaisuwa.

Sai wadda ba ta cika magana ba. Ta leƙo ta bayan kafaɗar ɗayansu ta ce, "Malam, rubutunka na gudu tun ba a gina akwatin ba. Sa defer." Nan take jeri ya bayyana. Oga, wanda tun safe ba abin da ya iya sai "an gama?", ya matso ya ƙura wa allo ido, ya ce a ƙara wa tambarin kamfani girma.