Ranki Ya Daɗe, Baƙar Leda

A ƙasar Hausa an san sarauta da gado, an san ta da naɗi da tambari da algaita. Amma akwai wadda ta ci gari ba gado ba naɗi, ba ta ja daga da kowa ba, ga shi yau ikonta ya kai inda na hakimi bai kai ba. Daga Kano zuwa Maraɗi, daga Sakkwato zuwa Damagaram, babu unguwar da ba ta kafa tuta ba. Mai shakka ya ɗaga kai ya dubi itatuwan ƙaya da ke bakin kowane gari, zai ga tutocin nata baƙi ƙirin suna kaɗawa. Leda ke nan, 'yar man fetur, mai shiga gidan sarki da na talaka ba sallama. Butulci ne a ce har yau ba a tsaya an yi mata godiya ba, don haka bari mu sauke wannan nauyi.

Farkon alherinta shi ne ta 'yanta mu daga wahalar kakanni. Bayin Allah! Mutum zai tafi kasuwa sai ya ɗauki kwando, uwargida ta auna gero a ƙwarya ta rufe da faifai, a zuba tuwo a akushi. In an gama a wanke, a kife, gobe a sake ɗauka. Ƙwarya ta tsage ma ba a barin ta ta huta, sai a kai wa gyartai ya ɗinke. Wannan wace irin rowa ce? Yanzu kuwa ka shiga kasuwar Rimi ko 'Yankaba hannu rabbana, ka fito tumatir da ledarsa, attaruhu da tasa, albasa da tata, sannan ka dubi mai kaya ka ce, "Malam, ƙaro min babba in haɗa." In ya yi nawa, a ce ba shi da kirki. Masu saƙar kwando da masu gyaran ƙwarya kuma mun sallame su, su ma su je su huta.

A madafi ma ba ta bar mu a baya ba. Koko yana tururi a juye shi cikinta, alala a ƙulla a dafa da ita, tuwon biki a naɗe shi da zafinsa kada baƙi su ce an raina su. Gawayi ya ƙi kamawa? A kunna mata ashana ta ɗiga a kai, nan take wuta ta tashi, yara na zaune suna shaƙar ƙamshi. Likitoci na ta cewa hayaƙin nan na illa ga huhu, wai kuma abinci mai zafi da leda ba sa ga maciji. Su dai likitoci ba a raba su da tsegumi. Tarin da ake yi a gidan ai na sanyin hunturu ne.

Sai ƙanwarta, farar ledar fiya wata, wadda ta koya mana saurin yanke hukunci: a fasa da haƙori, a zuƙe, a saki. Ba ta neman kwandon shara, tagar mota ma ta ishe ta. Dubi harabar kowane gidan biki ko tashar mota da yamma, ka ga yadda ƙasa ke sheƙi.

Amma sai damina ta kama ake sanin sarauniya ta isa. Duk wadda aka yar da rani tana nan, ta taru da 'yan'uwanta a kwata, sun gangara kwalbati, sun cika rafin Jakara na Kano. Ruwan sama ya sauko yana neman hanya, ta ce masa, "Nan ba wurin wucewa ba ne." Shi kuwa mai biyayya sai ya juya ya shiga ɗakunan mutane, ya jiƙa katanga har ta durƙusa. Sauro ya samu masauki kyauta, mai kemis ya samu ciniki. Ga ta da rufin asiri: ba ta taɓa bari a ambaci sunanmu ba. Gari na wayewa sai mu tsaya a bakin kwatar da muka cika da hannunmu, mu girgiza kai mu ce ƙaddara ce. Mutanen Bangaladash ne dai marasa tawakkali. Da suka ga ita ke toshe musu magudanan ruwa lokacin ambaliya, sai suka haramta ta a 2002, maimakon su yi haƙuri irin namu.

Dabbobi ma sun shaida karamcinta. Akuya ta fita kiwo ba ciyawa, ta tarar da leda mai ɗanɗanon gishiri da mai, ta haɗiye. Ba za ta ƙara damun mai ita da kukan yunwa ba, ciki ya cika tim, sai dai ƙashin haƙarƙari da ke ta fitowa. A tambayi mahauta abin da suke zarowa daga tumbin sa ko tunkiya: dunƙule guda, a murɗe, da nauyinsa. Mai saye ya biya kuɗin nama, an haɗa masa da gyara.

Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna su kai gona, sharar gari ta koma dawa da gero. Tsohon tsari ne, wai komai ya ruɓe ya koma ƙasa. Leda ta fi ƙarfin wannan ƙasƙanci. Ita ba ta ruɓewa, sai dai rana ta farfasa ta ƙanana ta gauraye da turɓaya. Manomi ya kafta fartanya, ta fito ta gaishe shi; baɗi ma tana nan. Mu da ake zargi da rashin tanadi, ga abin da muka ajiye wa jikoki, ba ɓarawon da zai sace musu.

Kowane mai arziki da mahassada. Ruwanda ta kore ta a 2008, har jakar baƙo ake dubawa a filin jirgi. Kenya ta bi sahu a 2017, da barazanar ɗaurin da ya kai shekara 4. Allah ya kiyaye mu da irin wannan zafin kai. Mu mun iya zama da manya. Nijar ta yi dokar hana ta a 2014, amma je kasuwa ka gani ko ta ji a jikinta. A Najeriya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin haramta ta a 2019, ƙudurin ya kwanta bai tashi ba. Dokarmu tana da ladabi, ba ta ɗaga wa sarauniya murya.

Har ranar girmamawa muka ware mata. Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano akan tsayar da zirga-zirga da safe domin tsaftar muhalli, kuma jama'a na ba da haɗin kai ƙwarai, musamman ta fuskar ramuwar barci. 'Yan ƙalilan da suka fito sukan tsamo ta daga kwata su jibge a gefen titi ta sha iska. In ta bushe, motar shara ba ta zo ba, iska da ƙafar mutane su mayar da ita gida lafiya. Ranar taron wayar da kai kan muhalli kuwa, bayan jawabai masu ratsa jiki, kowane mahalarci ya karɓi abincinsa a leda, ruwansa a leda.

Saura mu yi hattara da masu tayar da zaune tsaye. Akwai wata irin uwargida da ke tafiya cefane da jakar buhu, ta ce wa mai kaya ya riƙe ledarsa. Akwai samarin da ke haɗa kuɗi su sayi shebur, su yashe kwata tun kafin ruwan farko, su kuma kwashe abin da suka fitar. Akwai mai abincin da ya koma cewa a zo da kwano. Ga 'yan jari bola da ke bin juji suna tsince ƙarfe da robobi, waɗanda muka saka wa da harara da sunan ɓarayi, kuma daidai ke nan, kada su ɗauka aikin kirki suke yi. Irin waɗannan in suka yi yawa, sai a wayi gari ruwa na bin hanyarsa, akuya na cin ciyawa zalla. Wa zai so haka?

Don haka, mai karatu, kada ka bari a ruɗe ka. In ka sayi ashana, nemi leda. In ka sha ruwa, saki a inda kake tsaye, gwamnati ce ke da alhakin sunkuyawa. Tsafta cikon addini ce, gaskiya ne, amma ai iyakarta bakin zaurenka. Ranar da ruwa ya shigo ɗaki kuwa, ɗora katifa a kan kujera, ka nemi leda mai kauri ka ƙulle takardunka, ka zauna ka jira kayan agaji.