Kasuwar da Ba a Tayi: Bayani Kan Cin Abinci a Filin Jirgin Sama

Gidan abinci na filin jirgin sama wuri ne da ake sayar wa matafiyi kujera da wurin cajin waya, sannan a haɗa masa da abinci don kada a ce an karɓi kuɗinsa a banza. Wanda ya fahimci haka tun daga gida ba ya rigima da kowa. Wanda bai fahimta ba shi ne za ka gani tsaye a gaban kanta, ya ɗaga gorar ruwa sama yana jujjuya ta, yana neman inda aka rubuta abin da aka ƙara mata.

Ba a ƙara mata komai ba. Ruwan bakin titi ne. Mai sayen ne ya canja.

A kowace kasuwa, daga Kurmi har Kantin Kwari, babban makamin mai saye ƙafarsa ce. Ka taya, a ce albarka, ka juya ka yi taku uku, a kira ka a sallama. Filin jirgi kuwa an tsara shi ne yadda za a raba mutum da wannan makami. Da zarar ka cire bel da agogo, ka ratsa ƙofar nan mai ƙara, an laluba ka an sake ka, shi ke nan: baya ba ta komuwa, gaba kuma sai an kira. An ce rashin tayi akan bar araha. A nan babu arahar da za a bari, shi ya sa aka soke tayin baki ɗaya. Babu gyara, babu ƙarin miya, babu bashi. Kada kuma ka tambayi yarinyar da ke kan na'ura "nawa ne gaskiyarsa?" Gaskiyar tasa ce a rubuce.

Maganar ruwa tana da tarihi. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, a filin sukuwa, kuma aka yi shekaru masu yawa ruwa yana matsayinsa na ruwa. A watan Agustan 2006 ne 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu da ke shirin shiga jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarin fashewa a cikin gorunan lemo. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ta bazu a duniya: duk abin da yake ruwa, mazubinsa kada ya wuce mililita 100. Ledar fiya-wata guda tana da 500, wato ta ninka haddi sau 5. Saboda haka ake karɓe gorarka a gefe ɗaya na ƙofa a jefa a kwandon shara, ka yi taku ashirin ka tarar da 'yar'uwarta a ɗaya gefen, cikin firji, ta yi daraja. Wasu filayen jiragen da suka sayi sababbin na'urorin bincike sun fara sassautawa, amma mai hankali ba ya gwada sa'arsa da kunun da aka dama masa da asuba.

Wannan ƙa'ida ta haifar da wani fanni na ilimi mai zurfi, wato rarrabe abin da yake ruwa da wanda ba ruwa ba. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta fito fili a 2023 ta ce markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke shafa wa burodi ruwa ce, hujjarta kuwa ita ce ba ta da siffar kanta sai ta mazubin da aka zuba ta. In aka yi ƙiyasi a kan haka, tunkuza ruwa ce, amma da an murza ta an soya ta zama ƙuli-ƙuli, ta kuɓuta. Dunƙulen fura mutumin kirki ne, sai ya haɗu da nono ya zama abin tuhuma. Tuwon da ya kwana ya ƙanƙame yana da hujja mai ƙarfi. Miyar kuka ko lauya ba za ta samu ba. Hukumar ta kuma yarda a wuce da ruwan da ya daskare, muddin bai fara narkewa ba a lokacin bincike. Ke nan ƙullin zoɓo mai ƙanƙara fasinja ne a farkon layi, in layin ya yi tsawo kuma yana iya zama mai laifi kafin ya kai gaba.

Adalci ya sa a faɗi uzurin mai abincin, don yana da shi. Rumfar da yake ciki takara ake yi a kanta, kuma hayar ba irin wadda muka sani ba ce: akwai adadin da zai biya ko ya yi ciniki ko bai yi ba, sannan hukumar filin tana da kaso a cikin duk abin da ya sayar. Filayen jiragen duniya suna samun sama da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigarsu daga abubuwan da ba su shafi tashi da sauka ba, irin shaguna da wurin ajiye motoci da gidajen abinci. Wato in ka sayi shayi, akwai rabon titin jirgi a ciki. Tumatir da albasa da ƙwai duk sai an bincike su kafin su shiga, kamar yadda aka bincike ka. Mai wanke-wanke sai an tantance shi an ba shi katin shaida. Ga buɗewa tun kafin asuba saboda jirgin farko, ga rashin wurin ajiya. A filaye da yawa wuƙar kicin a ɗaure take da waya a jikin tebur, ana kuma ƙirga ta, kuma ba a yarda da wutar gas ba sai lantarki. Wannan ya amsa tambayar da mutane ke yawan yi, ta dalilin da ya sa ba a samun tsire mai zafi a bakin ƙofar shiga jirgi. Mai tsire kayan aikinsa uku ne, wuƙa da garwashi da tsinke, kuma biyu daga ciki sun isa a rufe filin gaba ɗaya.

Sai dai uzuri yana da iyaka, kuma wasu sun auna ta. A 2021 wani matafiyi ya ɗora hoton jerin farashi daga filin LaGuardia na New York, inda kofin giya guda ya kai dala 27.85. Mu da ba ma sha ba mu da ta cewa a kan abin da ke cikin kofin, amma adadin ya isa a yi masa jaje. Hukumar da ke kula da filin ta yi bincike, aka mayar wa wasu kuɗinsu, kuma a 2022 ta jaddada cewa kada farashi ya zarce na cikin gari da fiye da kashi 10 cikin 100. Filin Portland, shi ma a Amurka, ya daɗe yana tilasta wa masu rumfuna sayarwa a farashin cikin gari, kuma jirage ba su daina tashi ba. A Indiya, bayan an kai kukan tsadar shayi har majalisa, gwamnati ta buɗe wani shago a filin Kolkata a ƙarshen 2024, inda shayi rupi 10 ne, ruwa ma rupi 10. Ashe ana iyawa. Ana dai jiran a tambaya ne da ƙarfi.

Yanzu sai yadda ake yin ciniki. Matafiyin da ya yada zango a Santambul ko Adis Ababa ko Alƙahira yana jiran jirgi na biyu, abu na farko da yake yi shi ne tsayawa nesa kaɗan da allo, hannu a baya, kamar mai duba lokacin tashi. Sai ya zaro waya ya buɗe wurin lissafi. Tun da dala ta haura naira 1,000 wannan lissafin ya daina buƙatar gwaninta, sifili kawai ake jerawa. Daga naira sai ya mayar da amsar zuwa mudun shinkafa, don a nan ne ake gane nauyin al'amari: burodi guda da aka tsaga aka cusa wa ganye da yankan kaza mai sanyi, ga shi tsaye kafaɗa da kafaɗa da cefanen gida. Sai ka ji salati a hankali.

"Alhaji, nawa suka ce?"

"Hajiya, ki bari kawai. Ai za a ba mu a jirgi."

"Jirgin da sai ƙarfe biyu na dare?"

"To ai dama cin dare ba shi da kyau."

Daga nan zai zagaya filin kaf, yana fatan akwai wata rumfa a lungu da labarin tsada bai kai mata ba. Babu. Zai dawo inda ya fara, ƙafa ta gaji, batirin waya ya yi ja, ya sayi shayi ɗaya ya nemi kofi biyu. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. An yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi, amma a filin jirgi akan samu akasin haka, mutumin da bai tashi da niyya ba ya ga allo ya ɗauka. Ladan irin wannan azumi tambaya ce ta malamai.

A filayen Turai akwai ƙarin jarrabawa ga mai gudun naman alade. Sunayen abincin ba sa faɗin abin da ke ciki, hoton kuma duk nama ja ne. Bayan nuni da yatsa da girgiza kai, akasari a kan soyayyen dankali ake rabuwa. A Doha da Dubai da Jidda wannan fargabar ba ta taso ba, aljihu ne kaɗai ke cikin haɗari.

Jinkirin jirgi shi ne kakar mai abinci. Da hazo ya sauko a watan Disamba ko Janairu, jiragen Kano da Sakkwato da Maiduguri suka fara jiran sararin sama ya washe, mutumin da ya rantse ba zai sayi komai ba yakan kai azahar da rantsuwarsa, da la'asar kuma ka gan shi da faranti. Doka ba ta manta da shi ba. Ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sun ce in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, Tarayyar Turai ma tana da irin wannan doka tun 2004. Abin taɓawa kuwa akan cika shi daidai da sunansa: biskit da ɗan lemo. In takardar cin abinci aka raba, darajarta takan tsaya kaɗan ƙasa da abu mafi araha a kan allo, yadda za ka cika daga aljihunka ka kuma yi godiya. A wasu filayen Birtaniya ba a ma nuna lambar ƙofar jirginka sai lokaci ya matso, don kada ka je ka zauna a inda babu abin saye.

Duk wannan yana tafiya ne bisa wani sharaɗi guda: mai abinci ba ya tsammanin sake ganinka. Mai shayin unguwa dole ya kyautata, don gobe da safe ma kai ne. Na filin jirgi abokin cinikinsa kafin ya gama jin haushi ya kai wata nahiya. Wanda ya fi shahara da karya wannan sharaɗi shi ne Mehran Karimi Nasseri, ɗan Iran da rikicin takardu ya tsayar a filin Charles de Gaulle na Faris daga 1988 zuwa 2006, shekara 18 a kan benci, yana yawan cin abincinsa a McDonald's ɗin wurin. Labarinsa ne ya zama tushen fim ɗin The Terminal na 2004. A ƙarshen rayuwarsa ya koma filin, a can ya rasu a 2022. In akwai wanda ya cancanci gyara a tarihin wannan kasuwa, shi ne.

Maganin da kakanninmu suka bari shi ne guzuri, kuma har yau babu wanda ya kai hajiyoyi iya shi. A rumfunan alhazai na Jidda, inda jiran jirgin komawa gida yakan ɗauki sa'o'i masu tsawo, za ka ga an shimfiɗa darduma an kwance bakin jaka: garin kwaki, sukari a ƙulle a leda, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun nama a tsohon gwangwanin madara, cokali ɗaya na mutum shida. A gefe ga kwalin kazar Al Baik, wadda aka fara sayarwa a Jidda tun 1974, an saya a gari za a kai wa yara tsaraba, ta huce tun jiya amma ba mai taɓa ta. Wannan zama bai biya hayar kowa ba, kuma kowa ya ƙoshi.

Guzuri ma yana da sharuɗɗa. Goro ba ya shiga Saudiyya, hukumar alhazai tana nanata haka duk shekara, kuma duk shekara akwai mai ganin nasa goron daban ne. Kilishi yana hawa jirgi lafiya, sauka ce matsalarsa: Tarayyar Turai da Amurka ba sa barin matafiyi ya shigo da nama irin wannan a jakarsa, akwai ma karnukan da aikinsu ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a cinye shi kafin a isa gaban jami'an kwastan. In ka ga dattijo a kan layi yana tauna da sauri, idonsa ya yi ja, yana miƙa wa baƙin da bai sani ba, bin doka yake yi.

Wanda ya yanke shawarar zama ya yi oda kuwa, ya sani cewa akwai alaƙa tsakanin kicin da lasifika. Farantin yana sauka a tebur ake kiran jirginsa. Zai cusa loma uku a tsaye, ya biya, ya ruga, ya tarar da layin da bai motsa ba, ya yi rabin awa yana hango ma'aikaci na kwashe sauran. Bayan an tashi kuma a kawo masa abinci kyauta, ya ji shi lami. Wannan ma ba laifin mai dafawa ba ne kaɗai: binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa a 2010 ya nuna cewa bushewar iska da ƙarancin matsinta a cikin jirgi suna rage jin ɗanɗanon gishiri da kusan kashi 30 cikin 100.

Saboda haka ake so matafiyi ya riƙe yaji a jakar hannu. Yaji gari ne, ƙa'idar mililita 100 ba ta hau kansa ba, sai dai masu zuwa Amurka su sani cewa garin da ya wuce mililita 350 akan yi masa bincike na musamman. A zuba shi a ƙaramin mazubi mai murfi, a rubuta sunansa a jiki. In jami'i ya buɗe yana tambaya, a yi masa bayani cikin ladabi, a kuma gaya masa tun kafin ya kai hanci cewa ba a shaƙa.