Kishiyoyi Biyu a Linkon

Linkon, Ingila
Janairu

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

Ina fatan kana nan ƙalau, kai da iyali da wannan akwalar motar taka. Ni lafiya lau. Karatu ana fama, aikin dare ana taɓawa, sanyi kuwa ba a magana. Na ji labarin suna, Allah ya raya. Na ji na filin Baffa, wannan ba ta takarda ba ce. Kuɗin shara kuma ka ci gaba da rubutawa a bango, ma haɗu. Yanzu gyara zama, kuma kada Inna ta ji tukuna: kishiyoyi biyu gare ni a gidan nan.

A banɗaki suke zaune, a kan bahon wanke hannu. Famfo ne guda biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, tsakaninsu kamar taƙi guda, amma ba sa ga-maciji. Uwargida ta dama, ruwanta sanyi ƙarara, in ya taɓa hannunka sai ka ji shi har cikin haƙori. Amarya ta hagu, tana farawa da ladabi, ɗumi-ɗumi, ka ce Allah ya kashe ya ba ka. Kafin ka gama kurkure baki ta fusata, ta koma ruwan fige kaza. Ka zo ka ga alwalar asuba a gidan nan. In tara hannu a hagu in yi ihu, in garzaya dama in yi salati, in komo hagu neman afuwa. Rabon kwana dai ina yi da adalci, ba wadda za ta kai ƙarata.

Na tambayi tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita yadda suke yi. Ta dube ni da tausayi, ta ce ai toshe bahon ake yi, a tara ruwan duka biyun, a wanke fuska a ciki. Wato ka wanke dauɗa ka sake kamfato ta ka mayar a fuska. Na ce na gode. Na ɗauko butata na ba ta aikin sulhu: rabi daga uwargida, rabi daga amarya, a girgiza. Duk Ingila ban ga dattijuwa mai gyara tsakani irin butar nan ba.

Abin da ke ɗaure mini kai, mutanen garin nan ba wai basira suka rasa ba. A nan Linkon aka ƙera tankar yaƙi ta farko, a 1915, a masana'antar William Foster. Masu wannan aikin ne suka kasa ɗaura wa famfo biyu aure. Shi kansa Churchill, da ya je Mosko a 1942 wurin Stalin, ana tsakiyar yaƙin duniya, abin da ya burge shi har ya sa a littafi shi ne famfon da ke haɗa zafi da sanyi ta baki ɗaya. Ya dawo gida, aka ci yaƙi, famfo bai motsa ba.

Wanda ya warware mini zancen shi ne mai gyaran famfo, don an wayi gari silin ɗin kicin yana ɗiga. Kada ka ɗauka fita ake yi bakin titi a kira shi. Mai gidan haya ya buga wa na farko, ya ce sai wani watan. Na biyu bai ɗaga ba. Na uku da ya ji gidan tsoho ne sai ya tuna yana da uzuri. Garin ƙarami ne, ba su da yawa, kuma da zarar bututu sun fara daskarewa sun fi likita wuyar gani. A ƙarshe aka samo wani dattijo mai farar mota. Tun daga ƙofa ya nuna mini katinsa na Gas Safe, don tun 2009 wanda ba ya cikin wannan rajistar doka ba ta yarda ya taɓa maka tukunyar gas ba. Ya leƙa ƙarƙashin baho, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya girgiza kai. Daga baya na gane kowane ja ɗaya kuɗi ne. Tako ƙafarsa kaɗai fam 80, bai taɓa komai ba. Kada ka buga shi a naira, kana da iyali.

Ga abin da ya ce. Gidan na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, irin jerin gidajen jan bulo da aka gina wa ma'aikatan masana'antu. Ba a gina shi da banɗaki a ciki ba, masai a bayan gida yake, daga baya aka liƙa wannan. Ruwan sanyi kai tsaye yake zuwa daga babban bututun gari, ana sha. Na zafi kuwa daga wani tanki yake saukowa da ke cikin rufi, wanda sau da yawa ko murfin kirki ba shi da shi. Ƙura ta faɗa, tsatsa ta faɗa, wata rana tantabara ta faɗa ta yi wafati. Shi ya sa doka ta raba su, kada ruwan tanki ya koma cikin na gari ya gurɓata wa kowa. Ashe saki uku hukuma ta yi musu.

Da na yi dariya sai ya ɓata rai, ya ce a garin nan ba a wasa da ruwa. Tsakanin 1904 da 1905 taifot ta ɓarke saboda gurɓataccen ruwan sha, mutum fiye da 1,000 suka kwanta, fiye da 100 suka mutu. Bayan nan ne aka janyo ruwa tun daga Elkesley, can yankin Notingam, aka gina dogon gidan tanki na Westgate a 1911. Yana nan bisa tudu kusa da babbar majami'a, in ba a gaya maka ba ka ce ganuwa ce. Na yi shiru, don dai gaskiya tasa ce. Sai na ce to yanzu da sababbin tukwane ke dafa ruwa nan take ba tanki, me ya hana a mayar da auren? Ya ce an saba. Taubashi, shekara da shekaru suna ƙona hannu, wai an saba!

Aikinsa dai abin kallo ne, ban raina ba. Ya kankare wani bututu mai ruwan toka da tsabar kuɗi, wurin ya yi ƙyalli, ya ce dalma ce, tun 1970 aka hana sa ta, in riƙa barin ruwa ya zuba da safe kafin in sha har a canza. Wani bututun awon inci ne, wani na milimita, sai da ɗan mahaɗi suke gaisawa. Ruwan garin kuma farar ƙasa gare shi, ita ke cin tukwane ta toshe famfo. Kowane mai gyara da ya shigo gidan nan cikin shekara ɗari ya bar tasa fasahar a cikin bango, dattijon kuwa yana bi yana tsine musu ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi.

Al'adarsu a ba mai gyara shayi. Na dafa masa namu, da citta da kanumfari. Ya kurɓa, ido ya kawo ruwa, ya ce da daɗi, ya nemi ƙari. Ya zauna a kujerata ya ba ni labarin jikokinsa da ciwon gwiwarsa. Ka san tun da na tare shi ne mutum na farko da ya zauna ya sha wani abu a ɗakin nan? Da ya tafi har na tsaya ina duban bututun, ina tunanin wanne zan ɗan sassauta.

Amma fa yanzu ni ma gwani ne. Ya nuna mini makunnin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya, a ƙarƙashin bahon kicin. Da bututun tsohuwar nan ya fashe cikin dare, wa ta buga wa ƙofa? Ubangidanka. Na shiga da jallabiya da silifa, na murɗa, ruwa ya tsaya cak. Ta sanar da duk layin. Jiya wani da ban sani ba ya ɗaga mini hannu daga tsallaken titi.

Don haka ka fara shirya Baffa a hankali. In ya ji na ajiye digirin nan na sayi farar mota, kada ya ce asiri aka yi mini, lissafi ne. Kai kuma zan ɗauke ka yaron riƙe jaka.

Ka gaida Inna, ka ce ina cin abinci, ina sa hula. In an sami mai tahowa a ba shi kuka da daddawa da yaji, a ƙulle daddawar da kyau, kada a kama bawan Allah a filin jirgi. Kuma ka riƙa ɗaga waya ran Juma'a, ni nake biya.

Naka,
Ubangidanka na Linkon