Motar Kawu Ta Tashi

Shekara uku tsohuwar Land Rover ɗin kawuna tana ɗare kan duwatsu a wani gareji a Suleja, har kaji sun yi ƙyanƙyasa a cikinta. Bana bakanike ya sauke injin, ya canza ringi da fistin, ya mayar, ya ce: "Alhaji, yanzu ko Dutsen Zuma ka nuna mata, sai ta hau." Notuna ukun da suka yi saura kuwa, wai almubazzarancin Turawa ne. Muka kama hanyar Madalla, hayaƙi na rakiya. Ba a yi mana ƙarya ba, tayoyin huɗu duk tare suke juyawa, musamman da mu shida muka sauko muna turi.