An Yi Wa Mai Gadi Sata

Tun da hukumar NBTE da ke Kaduna ta raba kwas ɗin HND na kimiyyar kwamfuta gida huɗu a 2024, ɗaya daga ciki ya zama tsaron intanet da kare bayanai, kasuwar irinmu ta buɗe. Wata kwaleji ta gayyace ni in horar da malamanta, su kuma su koyar da ɗalibai. A takardar gayyata an rubuta "ƙwararre" kusa da sunana. Na ɗauki hotonta na tura wa uwargida, na tura wa surukina, sannan na kai babbar riga wurin mai guga na ce ya zuba sitati, kada ya ji tsoro.

Da safe na buɗe wa malaman zaure a WhatsApp don raba darussa, sannan na fara zuba. Na ba su labarin WannaCry, cutar kwamfuta da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka soke ayyukan tiyata, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganinta, mutane ne ba su sabunta na'urorinsu ba. Na kawo Kevin Mitnick, Ba'amurken da aka kama a 1995, wanda daɗin baki a waya ya buɗe masa sirrin kamfanoni da yawa. Na ce musu ɓarawon zamani ba ya haura katanga, sallama yake yi, mai gida ya miƙa masa makulli da hannunsa. Aka rubuta. Wallahi har na tsaya don a gama rubutawa.

A sahun gaba akwai wani dattijo malamin lissafi, riƙe da 'yar rakani-kashi da aka ɗaure da kyauro. Na ɗaga ta sama na ce, "Baba, wannan ko ɓarawo ya tsinta, kawo maka zai yi har da kuɗin mota." Aka fashe da dariya. Shi dai murmushi ya yi.

Lokacin cin abinci, cinyar kaza na hannuna, waya ta yi ƙara. Wata murya mai ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, Dokta." Ni ba dokta ba ne, amma ban ga dalilin kunyata bawan Allah ba. Ya ce daga ofishin kuɗi yake, ana tantance masu karɓar alawus, an turo min lamba shida, in karanto masa. Kai mai karatu, na karanta. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, na kuma maimaita don kada ya yi kuskure. A ƙasan lambar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a ba kowa. Na gani, na ɗauka da jahilai ake. Har gaida iyalinsa na yi.

Lambar nan ita WhatsApp ke turowa idan wani yana son ɗora layinka a wata waya. Ya same ta, ya shiga, kai an fitar da kai. Makulli na biyu, lambar sirri da mutum ke sa wa kansa, shi ke tare wannan. Shi ne darasina na yamma. Ni ban taɓa kunna nawa ba, don ina tsoron mantuwa.

Ina tsakiyar bayaninsa sai wayoyi suka fara kuka a ɗakin. Wai ni ne a zaure, banki ya maƙale min, a ranta min naira dubu hamsin zuwa magariba. Wata malama ta ɗaga hannu: "Malam, gwada mu kake yi?" Shaiɗan ya miƙo igiya, na cafke. "Madalla, Hajiya! Kin ci jarrabawa." Tafi raf-raf-raf. Gumi na bin bayana, sitati na narkewa, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina karɓar yabo. Sai shugaban sashe ya miƙe: "To Malam, tunda gwaji ne, yaushe za a dawo min da dubu hamsin ɗina?" Kafin in haɗa ƙarya ta biyu, uwargida ta kira, na ɗauka na manta lasifika na maƙale a wuyan riga. Ɗakin duka ya ji: "Baban Abba, me ya yi zafi kake roƙon mahaifina kuɗi?"

Dattijon nan ya taso a hankali, ya ajiye min wayarsa a tebur. "Ɗana, kira mutane ka sanar da su. Wannan ba a shiga cikinta."

Ɓarayin sun sa nasu makullin na biyu, dole na jira mako guda kamar yadda ƙa'idar manhajar take. Alawus ɗin gaske da ya fito, shugaban sashe ya tafi da kaso mai tsoka. Na ji yanzu da labarina malaman suke buɗe darasin farko. Ba sa faɗin suna, sai dai su kwatanta rigar.

Idan saƙon neman rance ya zo maka da sunana, kira ni ka ji muryata tukuna. In ni ne, don Allah ka turo.